Ƙaramar Giyar Motar Baba

Ba zan taɓa mantawa da daminar da Mama ta fita takaba ba. Ko na so in manta ma, akwai masu tuna mini, don har yau in na sauka Dutsin-Ma ba na bin layin kanikawa, gara in zagaya ta bayan kasuwa. A waya nake rubuta wannan, ina zaune a wurin aiki a Kaduna, wai ko in na faɗa da bakina abin zai rage mini nauyi.

Baba ya rasu da bazara, Allah ya jiƙansa. Malamin gona ne shi, ya yi ritaya, kuma babban abin da ya bari bayan gida shi ne wata tsohuwar jif. Da fara ce, amma shekaru da jan ƙasa sun mai da ita kalar kunun tsamiya. Da ita ya zaga ƙauyukan nan kaf, Kutawa, Rawayau, Wurma, har inda mashin ma sai an tura. Mutanen ƙauye da kukanta suke gane ya iso. Ni kuwa tun sakandare na bar gida, motata a Kaduna 'yar ƙarama ce otomatik, kuma a ƙasan raina kunyar jif ɗin nan nake ji (Allah ya yafe mini, na taɓa ce wa abokaina ta maƙwabcinmu ce).

Ni ne ɗan fari, don haka Mama ba ta kiran sunana, kuma ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba. In tana da saƙo, ta bakin ƙanwata Dije yake biyowa, ko da kuwa ina zaune a gabanta. Ranar da ta fita takaba na zo gida, muna zaune mu uku a tsakar gida, sai ta dubi Dije ta ce, "Ki ce ma wancan ina son zuwa gida in gaida Yaya Sada. Cikin motar mahaifinku nike son zuwa, sau guda. Daga nan ku yi yadda kuka ga dama da ita."

Kawu Sada yayanta ne, yana wani ƙauye gaba da Wurma, ƙafafu sun daina ɗaukarsa, ko ta'aziyya bai samu zuwa ba. Motar kuma an riga an yanke za a sayar in an zo rabon gado. Wato abin da Mama ta roƙa ke nan, tafiya ɗaya tak. Mace ce da ban taɓa jin ta nemi ko zani a wurina ba.

Akwai wani dattijo, Baba Iro, bakanike ne, shi ke duba motar tun ranar da Baba ya saye ta. Da ya ji labari ya aiko cewa shi zai ja motar ya kai Hajiya, tunda ya san hanyar kuma damina ce. Na ce a gode masa. Ina ɗan fari, ina raye, wani ne zai kai uwata gida? Na ɗauki hutun sati biyu, na ce ni zan shirya mota, ni zan tuƙa.

Washegari na sa mata batir, ta tashi bugu ɗaya kamar jiya aka ajiye ta. Sai dai an yi ruwa, ƙofar gidanmu ta zama taɓo, ina fitowa tayoyin baya suka nutse. Na taka totur, tana ta juyi a wuri ɗaya tana watsa wa katangar maƙwabta laka. Ina cikin zufa sai idona ya kai kan wata 'yar gajeruwar giya a gefen babbar. Harufan da ke kanta duk sun goge saboda tsufa. Na ce bari dai in gwada. Na ja ta baya, na ji ta yi ƙas, na taka, sai ga mota ta fito daga taɓo kamar an ɗago ta da hannu.

Wallahi a lokacin ji na yi kamar ni na ƙera ta. Nan take na yanke hukunci, ba tare da na tambayi kowa ba, cewa wannan giyar ƙarin ƙarfi ce, irin maɓallin da ke cikin motocin zamani da in ka danna mota take ƙara kuzari. Har tausayin Baba na ji, wai shekara da shekaru yana jan mota bai san sirrinta ba. Daga ranar na mai da abin ƙa'ida: in na shiga, in tayar, in ja ƙaramar giya baya, sannan in tafi. In na tsaya kuma, saboda ni mai tsari ne, in mai da kowace giya inda na same ta kafin in fita. (In kai direba ne ka riga ka gano inda labarin ya dosa. Ka yi shiru, ka bar sauran su sha wahala tare da ni.)

Na ce bari in je Katsina in dawo, injin ya buɗe bayan wata huɗu a ajiye. Tun kafin in fita gari na fara jin abu. In zan sha kwana sitiyari ya yi tauri, tayoyin gaba su dinga tsalle suna ƙara kamar ana jan buhu a siminti. Da na hau kwalta na ba ta wuta, sai jijjiga ta fara, daga ƙarƙashin kujera ta hau bayana ta isa haƙora. Madubi na rawa, kwalbar turaren Baba da ke aljihun gaba na rawa, wayata ta zame daga kujera ta faɗi. Haka na je, haka na dawo, kunnena na ƙugi. Ban wuce gida ba, sai garejin Baba Iro.

Gareji dai sunan ne, filin Allah ne da wata bishiyar darbejiya da rami ɗaya. Ya fito daga ƙarƙashin wata akori-kura yana goge hannu, ya ga motar. Ya dafa bonet ɗin ya yi wa Baba addu'a, sannan ya dube ni.

"Ɗan Alhaji, ya ƙarin haƙuri? Ya Hajiya?"

Na amsa a gurguje, na zayyana masa abin da ke faruwa. Ya saurara har na gama, kansa a ƙasa. Sai ya ce, "Halan da taimako ka je Katsina?"

Raina ya ɓaci. A kunnena abin da ya faɗa shi ne, kai ɗan birni, ka iya jan wannan motar kai kaɗai kuwa, ko wani ka samu ya kama maka? Na ce, "Wane taimako kuma, Baba? Ba wani taimako. Haka na je, haka na dawo."

Ya leƙa cikin motar, ya ga komai a mazauninsa, ya ce, "To madalla. Bari mu diba."

Aka hau da ita kan rami. Ya shiga da tocila, ya kira ni in leƙo. Ya nuna mini wasu dogayen ƙarafa biyu kamar bututu, ɗaya ya nufi tayoyin baya, ɗaya ya nufi na gaba. Ya ce su ne farfela, su ke kai juyin inji zuwa taya. A bakin kowace akwai wani ɗan ƙarfe mai kai huɗu da suke kira kuros. Ya kama farfelar gaba ya girgiza, ta yi ƙwal-ƙwal.

"Kuros ɗin gaba ya tafi," in ji shi. "Abin da ya ɗaure mani kai, ban daɗe da sa shi ba, kuma wannan farfelar ba ta cika wahala ba. Amma ƙarfe ne, ba a rantse mashi."

Ya canza kuros, ya cika shi da giris, ya ce in shiga gefe. Shi ya ja, muka hau hanyar Kurfi muka ɗan taɓa tafiya muka juyo. Mota lafiya lau, ko kofin shayi ka ajiye ba zai zube ba. Na yi godiya, na karɓi makulli, ya koma ƙarƙashin akori-kurarsa. Na shiga, na tayar, na ja 'yar giyata baya, na kama hanya. Kafin in kai gida haƙorana sun koma kaɗawa.

A nan ne shaiɗan ya samo ni ta waya. Kwana biyu ina kwance ina kallon bidiyon Turawa masu hawa duwatsu da jif, kowa da gemu da gareji mai tayil. Duk wanda ya ce jijjiga sai ya ce farfela. Na koyi kalmomi, na fara jin ni ma injiniya ne. Na kira wani abokina da ke sayar da kayan mota a Kaduna, na ce ya nemo mini farfela biyu, gaba da baya, ya sa a motar haya. Ya ce, "Ka tabbata? Me makaniken ya ce?" Na ce ya bar batun makaniken ƙauye.

Da kaya suka iso na kai wa Baba Iro, na sauke a gabansa. Ya ɗaga ɗaya, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya saurari ƙarar.

"Ɗan Alhaji, wadda ke jikin motar nan tun daga kamfani take. Wagga da ka kawo ba ta kai ta nauyi ba. In ka bi tawa, a bar ta mahaifinka."

Na fito da waya na nuna masa bidiyo. Dattijon nan ya tsaya ya kalla har ƙarshe, Bature na ta zuba, shi ko kalma ɗaya ba ya ji. Da ya ƙare ya miƙo mini ya ce, "Garejin nashi na da kyau."

Na ce ni dai a canza.

Ya sake kallona. "Ka tabbata dai babu taimako cikin tafiyar nan taka?"

"Baba, sau nawa zan faɗa? Babu."

"To shiga ka ja, in zauna gefe in ji da jikina. Abin da ke faruwa hannunka ba ya faruwa hannuna."

Da na yarda da wannan, da a cikin minti ɗaya magana ta ƙare, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma akwai mutane a wurin, masu jiran gyara suna zaune kan benci suna cin gyaɗa, na ga kamar so yake ya yi mini jarrabawar tuƙi a gabansu. Na ce, "Malam Iro, ni ba koyo nake ba. Aikin da na kawo shi za a yi." Tun ina yaro Baba Iro nake ce masa. Ranar na sauke shi zuwa Malam, kuma na ga ya ji. Ya ɗauki alli ya shiga rami.

Yini guda ya yi a kai. Kafin ya kwance kowace sai ya ja mata layi da alli, wai don sabuwar ta zauna daidai yadda tsohuwar ta zauna, in ba haka ba ita kanta sai ta kawo rawa. Ya ɗaure notina ɗaya bayan ɗaya, ya bi su ya sake bi. Tsofaffin kuma ya goge su, ya naɗe a buhu, ya sa a bayan motar ya ce, "Aje su, kayan Alhaji ne." Ya gwada ta shi kaɗai ya dawo ya ce lafiya lau. Na karɓa, na yi abin da na saba, jijjiga ta dawo, har ta fi ta da.

To a nan na yi abin da ya fi komai ƙona mini rai in na tuna. Muna da gurup na dangi a waya, mutum sun fi hamsin, har da kawunnai da gwaggonni da surukai. Na danna na yi saƙon murya na minti huɗu. Na ce makanikan garin nan sun mai da Baba saniyar tatsa shekara da shekaru. Na ce an ba mutum sabon kaya ya kasa ɗaurawa. Na ce wasu tsufa ne kawai ya same su a cikin sana'a, ba ilimi ba. Ban faɗi suna ba, amma ko akuyar gidanmu ta san da wa nake. Wasu suka turo hoton hannu, wani ɗan gwaggona ya rubuta "Allah ya kyauta". Dije ta same ni a zaure ta ce, "Yaya, ka san matar Baba Iro 'yar uwar Gwaggo Abu ce, kuma Gwaggo Abu na cikin gurup ɗin?" Na ce gara ma ya ji.

Hutuna ya kusa ƙarewa, na ce rawa dai ba ta hana mota tafiya, a haka za mu je. Aka sa ranar Laraba, mu fita da hantsi mu dawo kafin la'asar, tunda yanzu ba mai son yamma ta same shi a waɗannan hanyoyin. An aika wa Kawu Sada tun ana sauran kwana uku.

Mama ta fito da farin mayafi. Rabon da ta taka ƙofar gida tun ranar da aka fita da Baba. Ta riƙo wani ƙulli, manyan rigunan Baba ne guda biyu da hularsa, za ta kai wa yayanta. Ta tsaya a jikin motar ta ɗan jima, ta shafa ƙofar gaba inda ta saba zama, sannan ta buɗe baya ta shiga, bayan kujerar direba. Dije ta zauna kusa da ita. Ba wanda ya zauna gaba. Na tayar, na ja giyata, muka tafi.

Muka hau kwalta. Gero ya yi kai a dama da hagu, gari ya yi luf da hadari, ga mota na kaɗa mu kamar ana tankaɗe. Ta madubi ina hango Mama, idonta a rufe, carbi a hannu, ƙullin a cinya. Can Dije ta ce, "Yaya, haka take yi da?" Na ce aikin makanikai ne, in na ƙara wuta za ta daidaita (wannan ma a bidiyo na ji, ko kuma ni na ƙirƙira, ban sani ba). Na ƙara wuta.

Saura kaɗan mu shiga Kurfi na ji wani gurnani daga ƙasa, sai ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujerata, sai duka, gwaram-gwaram, kamar ana sara bodin da gatari. Dije ta ƙwala salati. Allah ya taimake ni na riƙe sitiyari na gangara gefe. Da na fito na leƙa, sabuwar farfelar gaba ta tsinke daga baki ɗaya tana lilo, wani baƙin mai mai kauri na tsiyaya a kan tsakuwa, yana wari kamar an ƙona roba.

Kafin ka ce kwabo mutane sun fito daga gonaki da fartanya a kafaɗa. Sannu, sannu, Allah ya tsare gaba. Wani dattijo ya ƙura wa motar ido ya ce, "Wagga ba motar malamin gona ba ce?" Aka ce ita ce. Suka leƙa suka ga Mama, suka shiga yi mata gaisuwa ta taga, tana amsawa a hankali. Ni ko gaisuwar ban tsaya amsawa ba, na kira Baba Iro, na ce ya zo ya ga aikinsa.

Ya zo a kan tsohon mashin ɗinsa, da jakar sifanu a baya. Ya fara zuwa wurin Mama ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi ko an ji ciwo. Ni kuwa na riga na tara masa. A gaban manoman nan, a gaban uwata da ke kwana na goma da fita takaba, na buɗe baki. Na ce ya kusa kashe mu. Na ce sau biyu ina kawo masa mota yana wasa da rayukan mutane. Na ce amanar da Baba ya ba shi ke nan? Na faɗi wasu abubuwan da ko a nan ba zan iya rubutawa ba.

Ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya taɓa man ya shinshina, ya tashi ya kakkaɓe riga. Sai ya buɗe ƙofar direba. A firgicen da na yi, ranar ce rana ta farko da na fita daga motar ban mai da komai mazauninsa ba.

Ya daɗe yana kallon 'yar giyar nan. Sannan ya juyo, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ɗan Alhaji, wa ya sa taimako?"

Na ce, "Ka koma kan maganar taimakon nan? Na ce maka ni kaɗai..."

Ya ɗora yatsa a kan ƙaramar giyar. "Wannan. Wa ya ja ta?"

"Ni na ja. Giyar ƙarfi ce. Kullum sai na sa."

"Kullum?"

"Kullum. Har Katsina da ita na je."

Wani daga cikin manoman ya ce "Ash", ya juya baya. Dattijon da ya gane motar ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Baba Iro ya ce, a hankali kamar mai karanta wa yaro allo, "Ita ce taimako. In ka ja ta, tayun gaba da na baya sun ƙulle wuri guda, babu mai sakin wani. Cikin yashi ko taɓo ake sa ta, inda taya ke iya zamewa ta huta. Bisa kwalta kuwa ba ta da inda za ta huta, sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Da an fito taɓo ake cire ta."

Ina tsaye ina jin kalmar tana sauka a kaina. Sau biyu mutumin nan ya tambaye ni. Sau biyu na amsa wata tambayar daban da na ƙirƙira da kaina, kuma na yi fushi a kanta.

Sai na ji muryar Mama daga bayan mota. Ba Dije ta yi wa magana ba. Ni ta kalla, ido cikin ido, abin da ba ta yi.

"Taimako ka sa mata bisa kwalta? Ni da ban taɓa riƙa sitiyari ba na san mahaifinka ba ya taɓa wannan sai mun iso rafin Wurma."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta ƙara ko kalma ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Manoman suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna da aikin da ya bari, saboda sun fi ni kunya.

Na tambayi Baba Iro, da wata murya da ban san ina da ita ba, ko za a iya ɗaura tsohuwar farfelar tunda tana baya a buhu. Ya girgiza kai. Ya ce da ta tsinke ta daki ƙaramin giyabos, wanda ke raba juyi tsakanin gaba da baya, ta fasa shi, man da nake gani nasa ne. Ya ce irin na wannan motar sai an tona, ba a samun shi a kan tebur.

"Yau dai ba ta zuwa ko'ina," in ji shi.

Shi ya shiga Kurfi ya samo 'yan kabu-kabu biyu masu mashin da ya sani, ya ja su gefe ya yi musu kashedi su bi a hankali. Na ce zan bi su. Mama ta ce wa Dije, "Ki ce mashi ya tsaya da motar." Ina kallo ta tattare farin mayafinta ta hau bayan mashin, mace mai jika, ƙullin rigunan mijinta a ƙirji, aka fara yayyafi, suka karya kwana suka shige.

Wata tifa da ta sauke yashi ce ta ja mu zuwa Dutsin-Ma da igiya. Ni a ciki ina riƙe da sitiyarin motar da ba ta da rai, Baba Iro a gefe a kan mashin yana yi wa direban alama da hannu. Muka ratsa gari a haka, tafiyar hawainiya, duk wanda ya san Baba sai ya miƙe tsaye ya bi mu da kallo.

Mama da Dije sun dawo dab da la'asar, jiƙe, laka har gwiwa. Mama ta shige ɗaki. Dije ce ta ba ni labari, ba don ta ƙona ni ba, ita ma kuka take. Wai Kawu Sada tun safe ya sa aka ɗauko shi aka ajiye a ƙofar gida kan tabarma, ya ce yana so ya ji kukan motar Alhaji tun daga rafi, kamar da. Da ya ga mashina sai ya ce, "Ina motar?" Mama ta ce, "Ta gaji, Yaya. Ta kwanta a hanya." Ba ta ce komai a kaina ba. Kawu bai ga kakar shekarar ba, ana fara yankan gero ya rasu, kuma a motar haya muka je ta'aziyya.

Na sake yin wani saƙon muryar a gurup, na faɗi gaskiya. Na farkon kowa ya saurara, na biyun ban ga alamar ya kai rabi ba. Da aka zo rabon gado na ce a sa motar a kasona, ba wanda ya yi mini gardama. Tana nan a garejin, an ɗora ta kan duwatsu, ana cigiyar giyabos daga Kano har Maraɗi.

Kafin in koma Kaduna na je wurin Baba Iro. Na same shi yana alwala a gindin bishiya, na tsuguna, na ce, "Baba, ka yafe mini." Na shirya dogon jawabi, amma iyakar abin da ya fito ke nan. Ya ida wanke ƙafa, ya ajiye buta, ya dube ni ba fushi ba dariya.

"Tashi, ɗan Alhaji, ba komi. Ai laifina ne. Da Hausa na tambaye ka."

Tun daga ranar, in dattijo ya yi mini tambaya na ji amsar ta zo mini da sauri, har raina ya fara ɓaci, sai in haɗiye in ce, "Baba, me kake nufi?" Ba ta da daɗin faɗa, amma ban taɓa jin ta fasa giyabos ba.